Jaridar Bango Ta Buɗe Bakin Yaran Ajinmu

  

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau, wata baiwar Allah ce maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofar gida, riƙe da hannun ɗanta mai shekara 12. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini yaron nan. Kafin mu gudu shi ke karanta mini takardar magani, yanzu kuwa ko sunansa sai ya yi ta gogewa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba shi kaɗai ba ne. Na kuma yi mata alkawarin zan rubuta abin da muke yi a ajinmu, ko Allah Ya sa wani malami ko wani uba ya amfana.

Ba sai na tuna wa kowa ba, ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, makarantu suka rufe, da yawa suka zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. A watan Oktoba na wannan shekara hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da makarantarmu ta nan Umdurman ta sake buɗewa a 2025, sai na tarar da aji cike, wasu sun dawo daga Shandi, wasu daga Gadarif, wasu daga Masar, manya da ƙanana a benci ɗaya. Littattafai kuwa sai dai a yi hannu baka hannu ƙwarya, ɗaya ga yara huɗu ko biyar.

Na fara da abin da na saba, wato darasin insha'i. Na rubuta kan magana a allo, kowa ya rubuta a littafinsa, na kwasa na tafi gida da jan biro. Abin da na samu layi biyu ne ko uku, wasu ma takarda fara fat. Na yi haka mako uku, babu canji. Rannan wani yaro mai ƙarfin hali ya ce mini, "Ustaz, in mun rubuta wa zai karanta?" Na ce ni mana. Ya yi shiru, amma shirun nan ya fi magana. Gaskiyarsa ce. Ni ba karantawa nake yi ba, farautar kuskure nake yi. Wa zai zauna ya zuba zuciyarsa a takarda, alhali ya san abin da zai dawo masa jan layi ne da maki uku cikin goma?

A nan ne na tuna da jaridar bango, wadda Larabawa ke kira jarida ha'iɗiyya. Mu da muka yi makaranta a ƙasar nan mun san ta: babbar takarda mai kauri, a raba ta gida-gida, a rubuta labari da waƙa da wasa ƙwaƙwalwa, a liƙa a bango. Ba baƙon abu ba ce. Tsofaffin malaman da suka koyar da mu a kwalejin malamai, yawancinsu tarbiyyar Bahtar Ruda ce, makarantar horon malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwem, wadda har daga Arewacin Nijeriya aka riƙa zuwa, cikinsu har da marigayi Sheikh Abubakar Gumi a tsakiyar shekarun 1950. Waɗannan malamai sun yarda cewa koyon baƙi kaɗai ba ya isa, sai an ba yaro abin da zai karanta don daɗi. Saboda haka ne aka fito da mujallar yara ta Sibyan a 1946, wadda iyayenmu har yau in sun tuna da Ammak Tango na cikinta sai sun yi murmushi. A Jami'ar Hartum ma, jaridun bango na wurin shan shayin Nashaɗ sun daɗe suna tara ɗalibai a tsaye suna karatu suna gardama. Mu ne muka bar abin ya koma ado, sai baƙo zai zo a sa yaro mai kyawun hannu ya kwafo wani abu daga littafi a liƙa.

To ga yadda muka tsara tamu. Na raba ajin rukuni shida, kowane rukuni da makonsa. A cikin rukuni akwai edita, akwai mai zane, akwai mai gyara, sauran kuma masu ɗauko labari, kuma aikin yana zagayawa. Ranar Talata kowa ya kawo abin da ya rubuta a takardar banza. Ranar Laraba rukunin ya zauna, kowa ya karanta nasa da ƙarfi, 'yan'uwansa su faɗi inda ba su gane ba. Ranar Alhamis a kawo mini in duba, sa'an nan kowa ya kwafe nasa da hannunsa a kan 'yar takarda. Ranar Lahadi da safe a liƙa su a jikin kwali, a rataye a baranda, edita ya karanta kanun labarai a layin safe. A ƙasan jaridar mun manna ambulan, duk wanda ya karanta yana da abin cewa, sai ya rubuta ya jefa, amma da sunansa. Kayan aikinmu kwalin sabulu ne da muka roƙo a kanti, da koko na fulawa maimakon gam, da bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Ba ya bukatar lantarki, balle a ce an ɗauke.

Doka ɗaya na kafa: ba a kwafo daga littafi ko daga waya. Abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, shi za ka rubuta. Wata yarinya ta rubuta yadda ake layin karɓar abinci a takiyyar unguwarsu, da yadda mata ke ajiye robobinsu su riƙe musu layi. Wani ya bi mai amalanken ruwa har bakin famfo ya tambaye shi sau nawa yake sawu a rana. Wani kuma, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya cika shafi guda da labarin yadda Hilal da Marrih suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya saboda yaƙi. Ambulan ya cika da martani, rabi na yabo, rabi na 'yan Marrih masu cewa ya nuna son kai. Washegari ya zo yana tambayata yadda ake rubuta wata kalma, don ya ce ba zai bari su same shi da kuskure ba. Shekara nawa ina fama da yara su kula da hamza da ta marbuɗa, ashe gardamar ƙwallo ce za ta yi mini aikin.

Karatu ma haka. Yaron da ke noƙewa in an ce ya karanta a aji, sai ka gan shi a baranda da tara, yatsa a kan layi, yana haɗa baƙi, domin abokinsa ne ya rubuta, kuma wataƙila an ambaci layinsu. Daga baya wani abokina da ke koyarwa a kudancin Hartum ya ce mu riƙa musaya. Duk ƙarshen wata yakan haye gada da jaridarsu a naɗe, ya koma da tamu. Wannan ma ba mu muka fara ba. Wani malamin ƙauye a Faransa mai suna Célestin Freinet, wanda ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a huhu har ba ya iya doguwar magana, ya shigo da 'yar na'urar ɗab'i ajinsa a 1924, yara suna buga abin da suka rubuta, suna aika wa wata makaranta mai nisa. Shi ma larura ce ta koya masa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu. Jaridar da Larabci ake yin ta, domin shi ne harshen makaranta da jarrabawa. Amma kusan sulusin ajin 'ya'yan Hausawa ne, sai na ware kusurwa ɗaya na ce wanda ke da karin magana ko tatsuniya da harshen gidansu ya kawo, da fassara a ƙasa. Na Nuba suka kawo, na Danagla suka kawo, namu suka kawo. Yaranmu ba su san boko ba, sai suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, ba tare da sun san sunan abin ajami ba. A nan aka yi abin dariya. Mun san a bakin mutanen Sudan harafin ƙaf "ga" ake furta shi. Sai wani yaro ya rubuta "da damina za mu gona" da ƙaf. Dattijon da ke gadin makaranta, wanda ya yi karatun allo irin na da, ya tsaya ya karanta, ya kira ni ya ce, "Malam, me yaran nan za su ƙona?" Na ce, "Baba, gona za su." Ya ce ai a ajamin da ya koya da harafin gain ake rubuta "ga", ƙaf kuwa ta "ƙa" ce. Daga ranar ya zama mai gyaran wannan kusurwa, ya nuna musu ɗigon da ake sawa a ƙasa don wasalin "e", da yadda ake rubuta "tsa" da "ca".

Daga nan na ce kowa ya je ya tambayi kakarsa ko kakansa yadda aka yi suka zo ƙasar nan. Wani ya dawo da labarin Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nil Azrak bayan yaƙin Burmi na 1903. Wata ta kawo na kakanninta da suka taso da niyyar Hajji a ƙafa, suka tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, zama ya kama su. Yaran da ba Hausawa ba suka karanta, suka yi ta tambaya.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani uba ya same ni ya ce, "Malam, na kawo ɗana ya koyi Larabci ya ci jarrabawa. Me ya sa za ka liƙa shi a bango kowa ya nuna shi da yatsa?" Ban ga laifinsa ba. Wanda aka taɓa yi wa gori da asalinsa, ko ya tuna abin da ya samu 'yan'uwanmu a Rusairis da Damazin a 2022, yana da dalilin taka-tsantsan. Na ce masa kusurwar ta kowa ce, ba ta Hausawa kaɗai ba, kuma ba a tilasta wa kowa. Na nuna masa fassarar da ɗansa ya yi, wadda ta fi duk wani Larabcin da ya taɓa rubuta mini kyau, domin ya san abin da yake so ya faɗa. Ya karanta, ya ce a bar wannan, amma kada a ƙara sai an tambaye shi. Na amince, kuma ya koya mini darasi: yanzu duk abin da ya shafi gida ko dangi, ba na liƙawa sai iyaye sun gani.

Akwai wasu kurakuran da na yi, gara in faɗa don kada wani ya maimaita. Da fari na bar masu kyawun hannu su kwafe wa kowa, sai raunana suka ja da baya. Yanzu kowa da hannunsa, ko da kamar tafiyar kaza ne. Na biyu, na riƙa gyara kowane kuskure, takarda ta koma ja wur. Yanzu abu biyu nake zaɓa a mako, sauran mu bar wa gaba. Na uku shi ne mafi nauyi. Wasu yaran sukan rubuta abin da suka gani a lokacin yaƙi, abin da babba ma zai yi kuka. Irin wannan ba na bango ba ne. Nakan karanta, in zauna da yaron, in kuma sanar da iyayensa. Siyasa da sunayen mutane da zagin wata ƙabila kuwa, ba su da wuri a jaridarmu ko kaɗan.

Ban ce jaridar bango za ta maye gurbin littafi ko malami ba, kuma akwai yaran da sai an koma da su kan alif da ba. Amma iyaye, ga abin da za ku iya tun daga daren yau. Ku tambayi yaro me ya rubuta a wannan mako, ku ce ya karanta muku, ko da ku ba ku iya karatu ba. Kada ku katse shi da gyara. In kun zo makaranta, ku tsaya a baranda minti biyar a gaban idonsa. Wanda ke da kanti ya ajiye mana kwali, wanda ke da tsohuwar mujalla da ta tsira ya kawo. Kaka kuma ta ba jikanta labari ta ce ya rubuta, domin abin da ke kanta babu shi a wani littafi.

Ɗan maƙwabciyata kuwa, na ba shi aiki: ya rubuta mini sunayen duk garuruwan da suka ratsa a hanyarsu ta dawowa, da abin da ya ci a kowane gari. Jiya ya kawo guda bakwai, da gogewa a biyu kacal. Na ce ya kai wa mahaifiyarsa ya karanta mata tukuna.

Malamai 'yan'uwana da suka gwada irin wannan, ku rubuto wa wannan fili mu ji yadda taku ta kaya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka.

Wassalam.