Jama'ar Gombe, a Sa Kainuwa Aiki!

Jama'ar Gombe, ina ruwan kwatarmu yake zuwa? Baƙin man gareji, ruwan tsohon batir, sauran fenti, tokar wayoyin da 'yan jari-bola ke ƙonawa don cire tagulla, duk ruwan sama na farko ke kwashe su. Daga Jekadafari zuwa Pantami da Bolari, kwari ne ke karɓa, ya kai wa na gangare, inda wani ke ban ruwan alayyafo, wani ke shayar da awaki.

A cikin wannan dagwalo akwai dalma da 'yan uwanta irin su kadmiyom. Ba su ruɓewa, tafasa ruwa kuma ba ta kashe su. Taruwa suke yi a jiki sannu a hankali, su taɓa ƙoda, su daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Kano kuwa ta daɗe tana fama da ruwan majemun Challawa da Sharaɗa. Namu bai kai can ba, to me muke jira?

Ga maganin yana yawo a kududdufi muna raina shi. Kainuwa dashen Allah! Saiwoyinta da ke reto a ruwa suna kama waɗannan ƙarafa, su riƙe. Kacala ma haka take. Tun shekarun 1970 masu binciken hukumar NASA ta Amurka suka gwada tace ƙazamin ruwa da irin waɗannan tsirrai. Kainuwa ba ta neman lantarki ko dizal, rana kawai take so, ita kuwa Gombe ba ta rasa ta ba.

Amma a ji da kyau. Kainuwar da ta sha guba ta zama guba. Dole a riƙa kwashe ta a kai a kai, a shanya, a binne a rami mai daɓe, nesa da rijiya. Kada a ba dabba, kada a zuba a gona da sunan taki. In aka bar ta ta ruɓe a ruwan, abin da ta sha zai koma. Kuma a killace ta a tafkunan da aka gina don haka, kada ta kusanci madatsar Dadin Kowa da muke sha daga gare ta. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Malaman kimiyya na Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere, ku auna ruwan kwaruruwanmu, ku faɗa mana sakamakon da Hausa. Hukumar kare muhalli ta GOSEPA, a ware fili a bakin manyan magudanai. Masu unguwanni da limamai, ku yi shela. Kanikawa, ku tara baƙin mai a durom. Matasa, ku fito da cebur, a haƙa tafkin gwaji ko guda ɗaya ne kafin damina ta sauka.