Ritaya Dabam, Murabus Dabam

Jama'a, akwai kalmomi biyu da muke cakuɗawa a makarantar nan, watau ritaya da murabus. Sau da yawa in za a yi bikin sallamar tsohon malami, sai ka ga an rubuta a allon sanarwa, "Malam ya yi murabus." Ni a ganina wannan kuskure ne, ba kuwa ƙarami ba.

Murabus maganar sarauta ce tun asali. Sarki ba shi da ranar sauka, in an naɗa masa rawani sai mutuwa. Saboda haka in ya sauka da ransa, kowa sai ya kasa kunne ya ji dalili. Tsufa ne, ko ciwo, ko kuwa saɓani da hukuma? Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya yi murabus a 1931. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi a 1963, ya koma Azare da zama. Har yau in an ambace su sai an tattauna abin da ya jawo. Haka kuma minista ko shugaba in ya ajiye muƙami kafin lokacinsa.

Ritaya kuwa ba ta da wata tambaya a bayanta, domin doka ce ta yanka wa'adi. Da, malamin gwamnati yakan bar aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da wa'adin malamai 65 ko 40. Wanda ya cika, ya tafi da mutuncinsa, haƙƙinsa ne a biya shi fansho.

To, ka gani, in ka ce wanda ya cika wa'adinsa ya yi murabus, ka jawo masa zato. Mutanen garinsu in sun ji sai su ce, "Af, me ya faru?" Mutum ya sha ƙurar alli shekara 40, sa'an nan mu sallame shi da kalmar da za ta sa a yi ta ƙus-ƙus a kansa?

Na san waɗansu za su ce ai ritaya Turanci ce. Gaskiya ne. Amma mota da tebur fa? Littafi da alƙalami ma daga Larabci muka aro su. Kalma in ta zauna a bakin 'yan kasuwa da tsofaffi, ta zama tamu. Wanda duk da haka bai so ta ba, sai ya ce, "Malam ya cika wa'adin aikinsa."

Mu ne gobe za mu tsaya gaban yara, abin da suka ji a bakinmu kuwa shi za su riƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai mu ba kowace kalma mazauninta. Allah ya kai mu ritaya lafiya, amin.