Barin taba na son likita, ba mai tallar magani ba

Ƴan uwa matasa, na gaji da jin ana ce wa mai shan sigari "ka daure kawai". Nikotin kama jiki take, shi ya sa da yawa ke bari yau, gobe su koma.

Akwai magani. Tun 2021 OMS ta sa varenicline da bupropion cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Amma fa sai da takardar likita, don bupropion na iya tayar da farfaɗiya. Kada wanda ya nemi mafita a tiren mai talla, inda tramol ya riga ya lalata mana matasa.

Dokar yaƙi da taba ta 2006 ita kaɗai ba ta isa ba. Ina kira ga ma'aikatar lafiya: a kawo maganin nan har CSI, kuma da araha.