Kirari Ba Ya Gina Matashi, Zagi Kuwa Rusa Shi Yake Yi

A shekarar 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamiti domin ɗaga ƙimar da mutane ke gani a kansu. Ɗan majalisa John Vasconcellos, wanda ya jagoranci yunƙurin, ya yi imani cewa matashin da ya ɗauki kansa da daraja ya samu rigakafin shaye-shaye da faɗuwa jarrabawa da aikata laifi. Makarantu da dama suka rungumi ra'ayin, aka shiga yi wa kowane yaro kirari, ko ya taɓuka abin kirki ko bai taɓuka ba.

A 2003 masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister da abokan aikinsa suka yi bitar binciken da aka tara a kan batun. Suka gano cewa hura wa ɗalibi kai ba ya ƙara masa maki. Galibi nasarar ce ke zuwa da farko, ganin ƙimar kai ya biyo baya. Tun a 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi guje wa aiki mai wuya, kuma sun fi saurin karaya bayan sun faɗi, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu.

Wannan labari yana yi wa wasu iyaye da malamai daɗi, musamman masu ganin cewa maganar ƙimar kai shagwaɓa ce kawai, kuma tsawa da gori su ne tarbiyya. Sai dai hujjar ba ta goya musu baya. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun daɗe suna bibiyar rayuwar yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. A 2006 Kali Trzesniewski da abokan aikinta suka bayyana cewa waɗanda suka raina kansu a shekarun balaga sun fi fama da rashin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, da ƙuncin tattalin arziki, da shiga hannun hukuma a lokacin da suka kai shekara 26. Bambancin bai gushe ba ko bayan an yi la'akari da jinsi da arzikin iyaye da ciwon damuwa na ƙuruciya.

Saboda haka malamin da ke kiran ɗalibi daƙiƙi a gaban aji, da uban da bai taɓa buɗe baki ga ɗansa ba sai domin faɗa, ba su da mafaka a kuskuren Kalifoniya. Yaron da aka saba gaya masa cewa ba zai yi albarka ba yakan daina ɗaga hannu a aji, ya daina neman abin da ya cancanta, ya yarda da kowane irin wulaƙanci a wurin aiki ko a gidan aure. Kunya da ladabi kyawawan ɗabi'u ne, amma ana yawan fakewa da sunansu a kashe zuciyar yaro, sannan a yi mamakin yadda ya girma ba ya iya yanke shawara.

Abin da ya rage ya fi kirari wahala, ya fi zagi buƙatar haƙuri. A danƙa wa matashi aiki na gaske: lissafin shago, kula da ƙanne, sana'ar hannu, karatun da ke buƙatar gumi. Idan ya yi daidai, a faɗa masa takamaiman abin da ya yi daidai. Idan ya yi kuskure, a soki aikin a keɓe, a bar mutuncinsa, a sake ba shi dama. Darajar da ya samu ta wannan hanya tana da tushe, domin ya san inda ta fito, kuma faɗuwa ɗaya ba za ta ɗauke ta ba.