Sharhi: Horas da masu saye da jigilar kayan agaji, da gurbin Potiskum a cikin lamarin

Duk lokacin da ambaliya ko rikici ya raba jama'a da gidajensu, hankali yakan karkata ga yawan kuɗin da gwamnati ta ware. Ba kasafai ake tambayar wanda zai sayo kayan, da inda za a adana su, da hanyar da za su bi kafin su kai hannun mabuƙata ba. Alhali a wannan tsakanin ne agaji yake makara, ko ya lalace, ko ya salwanta.

Najeriya ta sha ɗanɗana haka. A watan Yunin 2017, ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya bayyana cewa a cikin kowace mota 100 ta abincin agaji da ake aikawa Arewa maso Gabas, ana karkatar da fiye da 50. A watan Oktoban 2020 kuma, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama, ciki har da Filato da Kaduna da Legas, suka kwashe kayan tallafin korona da ba a kai ga rabawa ba. A duka biyun kayan sun samu. Tsarin kai su ne ya gaza.

Ƙaramin lissafi zai nuna nauyin aikin. Ƙa'idar agaji ta duniya ta tanadi aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, da abincin da zai ba shi kalori 2,100, wato kimanin rabin kilo na hatsi da wake da mai. Sansani mai mutum 10,000 zai buƙaci abinci kusan tan 150 a wata, daidai da tirela biyar masu ɗaukar tan 30, da ruwa lita 150,000 kowace rana. Jami'in da bai iya wannan lissafi ba, ko dai ya sayo abin da bai isa ba, ko ya jibge kayan da za su ruɓe a sito.

Abin da ake koyarwa a irin wannan horo bai tsaya ga ƙidaya ba. Akwai tantance 'yan kwangila tun kafin masifa ta auku, da ƙulla yarjejeniyar farashi da su. Akwai duba ingancin hatsi, da fara fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa, da ajiye allurar rigakafi a sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba. Akwai kuma takardar rakiyar kaya, wadda ke nuna wanda ya loda, da direban da ya ɗauka, da wanda ya karɓa. Wannan takarda ita ce maganin farko na karkatar da mota.

Doka ma ta buɗe ƙofa, ta kuma gindaya sharaɗi. Sashe na 43 na Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ya yarda hukuma ta ba da kwangila kai tsaye idan bala'i ya auku, ba tare da jiran gasar 'yan kwangila ba. Amma da zarar gaggawar ta wuce, wajibi ne ta miƙa cikakken rahoto ga Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, BPP, domin a tantance. Jami'in da bai san wannan sashe ba yakan ji tsoron sa hannu har lokaci ya ƙure. Mai mugun nufi kuwa yakan fake da kalmar gaggawa ya ninka farashi.

Buƙatar ta ƙara tsananta a 'yan shekarun nan. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, birnin da ƙungiyoyin agaji na yankin suka mayar cibiyar ayyukansu. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, sannan a watan Yulin shekarar Shirin Samar da Abinci na Duniya, WFP, ya yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta masa dakatar da abincin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas. Nauyin da baƙi suka daɗe suna ɗauka yana dawowa kan Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi, da Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017.

A nan ne Potiskum take da gurbi. Garin yana kan babban titin da ya haɗa Kano da Bauchi da Damaturu har Maiduguri, kuma daga nan hanya ta miƙa zuwa Gashuwa, yankin da kogin Yobe kan yi ambaliya da damina. Yana da kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi, ga kuma sunan da ya yi wajen mallakar manyan motoci. Matashi a unguwar Yindiski ya taso ne cikin direbobi da makanikai da 'yan kamasho da dillalan hatsi, waɗanda suka san farashi da hanya fiye da kowane baƙo.

Sai dai wannan sani bai isa ya ci kwangilar agaji ba. Manyan hukumomi suna neman rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da inshora, da bayanan kuɗi a rubuce. Wanda bai da su yakan ƙare a matsayin ɗan kwangilar ɗan kwangila: motarsa ce ke aikin, ribar ta tafi wani gari. Saboda haka horon yana da fuska biyu, ta jami'in da ke saye da ta ɗan kasuwar da ke sayarwa.

Wuraren koyarwa suna nan. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya ta daɗe tana koyar da harkar jigila. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Ahmadu Bello suna cikin jami'o'i shida da aka kafa wa cibiyoyin koyar da sayen kayan gwamnati da tallafin Bankin Duniya. A Potiskum kanta akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda za ta iya karɓar gajerun kwasa-kwasai da Hausa.

Bita ta kwana uku a otal ba za ta wadatar ba, musamman idan aka sauya wa jami'in wurin aiki bayan wata shida. Kamata ya yi a haɗa horon da atisaye na zahiri, a kuma tanadi kaya a rumbuna kusa da yankunan da hasashen ambaliya na shekara ya ambata, tun kafin ruwa ya yanke hanya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aunin horon shi ne yawan kwanakin da buhu ke yi tsakanin sito da hannun wadda ruwa ya cinye wa gida, da kuma ko ya isa a cike.