Faifan Caji Da Igiyar Caja: Shawara Ga Mazauna Zongon Kwatano

Duk wanda ya ratsa ta wajen babban masallacin Zongo a nan Kwatano ya dubi teburan samarin da ke sayar da kayan waya, ko kuwa ya gangara Dantokpa ya leƙa shagunan da ke karɓo kaya daga Legas ta iyakar Seme, da wuya ya rasa ganin wani ɗan faifai da bai wuce tafin hannu ba, wanda masu talla ke cewa da zarar ka ɗora waya a kansa sai ta kama shan caji, ba tare da an soka mata igiya ba. Abin da nake so in bayyana shi ne, wannan abu hikima ce ta haƙiƙa, amma hikima ce da aka tsara da lissafin ƙasashe masu sanyi, waɗanda wutarsu ba ta cika yankewa ba. Saboda haka ya wajaba mutumin Zongo ya auna ta da halin garinsa tun kafin ya kunce kuɗinsa.

Asalin al'amarin ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1831 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya tabbatar da cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana ta sauyawa kusa da zaren jan ƙarfe da aka nannaɗe, to wuta za ta gudana a cikin zaren ko da bai taɓa komai ba. Haka faifan nan yake aiki: akwai naɗin jan ƙarfe a cikinsa, akwai kuma wani a ƙarƙashin murfin bayan waya, sai wuta ta tsallaka daga wannan zuwa wancan ta tazarar da ba ta wuce 'yan milimita ba. A 2008 wasu kamfanoni suka haɗu suka kafa ƙungiyar Wireless Power Consortium, wadda ta fitar da ƙa'idar da ake kira Qi a 2010. Nokia ta sa ta a wayarta Lumia 920 a 2012, Samsung ta bi da Galaxy S6 a 2015, Apple kuwa sai a 2017 ta shigo da iPhone 8. Abin ya fara kusantar aljihun talaka ne a 2023, sa'ad da Infinix ta sa shi a Note 30 Pro. Mai karatu ya lura, shi kansa faifan sai an haɗa shi da bango da igiya da kan caja. Abin da aka ɗauke wa mutum kawai shi ne sokawa da zarewa.

Ba zan raina wannan ɗan sauƙi ba, domin a cikinsa babbar fa'idar faifan take, fa'idar da ta fi ƙarfi a garinmu fiye da garuruwan tudu. Allah ya ajiye Kwatano tsakanin teku da tafkin Nokoué, iskarta cike da danshi da gishiri, ga damina biyu a shekara, ga ƙurar hunturu da ke saukowa daga arewa. Kuma babu wurin da waɗannan suka fi cutarwa a jikin waya kamar ɗan ramin nan da ake soka caja. Je ka zauna kusa da mai gyaran waya ka ga aikinsa: ya kunna 'yar fitilarsa, ya sa tsinin allura ya zaƙulo dunƙulen audugar aljihu da ƙura daga ramin, ya goga da tsohon buroshin haƙori da ɗan sinadari, sannan ya nuna wa mai wayar yadda ƙananan haƙoran ciki suka yi kore saboda tsatsa. Kafin a kai ga nan, mai wayar ya daɗe yana karkata igiya hagu da dama, yana ɗaure ta da roba, yana tokare ta da littafi don kada cajin ya yanke. Wanda wayarsa ke karɓar cajin faifai ya tsira daga yawancin wannan wahala, bal ma idan ramin ya mutu ɗungum, wayar tana nan tana yi masa hidima. Haka nan dattijon da ganinsa ya yi rauni, ko hannunsa ke rawa, ko makaho, ɗora waya a kan faifai ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk ɗan da ya saya wa mahaifinsa shi da wannan niyya ya kyauta.

To amma adalci ya hukunta a faɗi abin da ake biya a madadin wannan sauƙi. Wutar da ke tsallaka tazara ba ta isa gaba ɗaya. Wani kaso yana zama zafi ya watse, kuma hasarar tana ƙaruwa idan waya ta ɗan goce daga tsakiyar faifan, ko rigarta ta yi kauri. A gwajin da mujallar OneZero ta yi tare da iFixit a 2020, an tarar cajin faifai ya ci wuta fiye da na igiya da kimanin kashi 47 cikin 100. A wajen mutum ɗaya wannan ba wani abu ba ne mai yawa, a kowane caji bai wuce abin da ƙwan lantarki mai wat 10 ke sha a awa guda ba, kuma ba zan ce zai ƙarar da katin mitar kamfanin wuta na SBEE na kowa ba. Inda abin ke da nauyi shi ne a wajen wanda wutarsa a ƙididdige take: mai ɗan faranti na hasken rana, mai dogaro da batirin ajiya, da mai sana'ar caja wa mutane wayoyi da janareto. Ƙasarmu, wadda har yanzu take sayo wani ɓangare na wutarta daga maƙwabta, duk da tashar Maria-Gléta mai megawat 127 da aka buɗe a 2019 da gonar hasken rana ta Illoulofin da ta biyo baya a 2022, ba ƙasa ba ce da ya dace mutanenta su saba da israfin wuta, komai ƙanƙantarsa.

Sai kuma jinkiri. Faifan gama-gari yana bayar da wat 5 zuwa 15, alhali kuwa caja mai igiya ta wat 25 ko 45 ta zama ruwan dare. Ranar da wuta ke zuwa tana komawa, wanda ya soka igiya zai cika rabin batirinsa kafin mai faifai ya kai ko'ina.

Aibin da ya fi damuna, wanda kuma masu talla ba sa ambatawa, shi ne zafi. Batirin litiyam da ke cikin wayoyinmu ba shi da abokin gaba kamar zafi, musamman idan ya haɗu da cikar caji, domin a lokacin ne yake tsufa da gaggawa. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya taɓa yini a ɗaki mai rufin kwano a Zongo cikin watan Maris, babu fanka, babu iska, ya san saura kaɗan a kai wannan haddi tun kafin a kunna wani abu; idan aka ƙara da ɗumin faifai a bayan waya na tsawon sa'o'i, kullum ta Allah, to abin da aka tsirar a ramin caja ana iya biyansa ninki a batir. Batirin zamani kuwa manne yake da gam a cikin waya, sauya shi sai an ɓamɓare murfi, kuma samun na asali a kasuwa sai an sha wuya. Ƙari a kan haka, tun da ƙarfe yana tare wannan wuta, manyan wayoyi da yawa sun koma bayan gilashi, wanda faɗuwa ɗaya daga kan babur ta ishe shi.

Akwai kuma yadda mu muke riƙon waya. Ɗan kasuwar Zongo wayarsa ita ce shagonsa: yanzu abokin ciniki ya kira daga Malanville, an jima a turo kuɗi ta MoMo, can kuma mai kaya ya aiko da saƙon murya daga Kano ko Maraɗi. Duk ɗagawa ɗaya daga kan faifai yanke caji ce, alhali mai igiya yana magana wayarsa na ci gaba da cika. Ɗan zemijan, wato ɗan acaba, da ke yini a kan titi kuwa, faifan tebur ba shi da abin da zai yi masa. Gaskiya ne Apple ta kawo maganaɗisu mai riƙe caja a bayan waya a 2020, aka kuma shigar da dabarar cikin ƙa'idar Qi2 a 2023, wannan ya rage gocewa da hasara. Sai dai wayoyin da ke da shi ba su ne a hannun yawancin mutanenmu ba.

Malaman usulu sun kasa maslahohin ɗan Adam gida uku: na larura, na buƙata, da na ƙawa. A ganina igiyar caja mai kyau tana gidan buƙata, faifai kuwa yana gidan ƙawa ga mafi yawanmu, ba ya hawa sama sai ga mai rauni ko wanda ramin wayarsa ya lalace. Ƙawa ba haramun ba ce, amma algus haramun ne, kuma a nan nake kira ga 'yan'uwa masu sayarwa su ji tsoron Allah. Yawancin ƙananan wayoyin Itel da Tecno da ke hannun jama'a ba su da naɗin nan a cikinsu sam, saboda haka sayar wa mai irinsu faifai ba tare da an gaya masa ba cin dukiya ne ba bisa haƙƙi ba. Haka nan faifan ƙwarai yana gane tsabar kuɗi ko makulli idan ya shiga tsakaninsa da waya, sai ya tsayar da wuta. Na jabu kuwa yana iya ci gaba da gasa ƙarfen har ya ƙona murfi, ko abin da ya fi haka idan an bar shi a kan katifa.

Wanda ya ƙudura zai saya, to ya fara tabbatar da cewa wayarsa tana karɓa, ya nemi alamar Qi a jikin kwalin, ya kuma roƙi mai shago ya gwada masa a gabansa; bayan minti goma ya ɗauki wayar ya taɓa bayanta, in ya ji ɗumi kaɗan babu laifi, in kuwa ya ji zafin da hannu ke ƙi, ya ajiye. A gida ya sa faifan a wuri mai iska, nesa da taga mai rana, ya cire rigar waya mai kauri, kuma kada ya bayar da tsohuwar igiyarsa, domin za ta yi masa rana duk sa'ad da zai yi tafiya ko wuta ta zo a gurguje.