Garwa na bukatar masu karanta ƙashin mamaci

Duk ɗan kasuwar da ya yi harkar Banki da Amchide, ko Fotokol da Gamboru, kafin 2014, ya san aƙalla mutum ɗaya da ya fita da kaya bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a yi masa salla ba, sunansa kuma yana nan cikin littafin bashi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga Musulmi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi takan kai ƙara, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye. Ke nan shago na rufe, marayu na kallon gadonsu ba halin taɓawa, abokin ciniki bai san wa zai bi ba, bai san wa zai biya ba.

Akwai ilimin da ke warware irin wannan ƙulli, wato ilimin binciken ƙasusuwan mamaci don tabbatar da ko wane ne. Masaninsa kan duba ƙashin ƙugu ya gane namiji ne ko mace, ya duba haƙora da gaɓoɓi ya kimanta shekaru, ya auna ƙashin cinya ya faɗi tsawon mutum. Tsohuwar karaya da ta warke shaida ce, haka ramin harsashi, wanda ya bambanta da cizon kura. Daga nan sai a ciro ƙwayar halitta daga haƙori a gwada da ta uwa ko ta ɗa.

A Ajantina, ɗalibai 'yan ƙalilan ne suka fara aikin a 1984, ƙarƙashin wani masani Ba'amurke, Clyde Snow, don gano mutanen da mulkin soja ya ɓatar. A Bosniya, daga cikin mutum kusan 8,000 da aka kashe a Srebrenica a 1995, an tantance kusan 7,000 an miƙa wa danginsu, kuma Musulmi ne kamarmu.

Mu fa? A ranar 27 ga Disamba 2014 jami'an tsaro sun kama mutane sama da 200 a ƙauyukan Magdeme da Duble da ke Mayo-Sava. Gwamnati ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a Marwa, ƙungiyar Amnesty kuma ta ce aƙalla 130 ba a san inda suke ba. A Janairun 2016 bam ya tashi a kasuwar Bodo, ya hallaka sama da mutum 30. Ba a ma zancen waɗanda Boko Haram ta kwashe, ko waɗanda masu garkuwa da mutane suka shiga daji da su a Mayo-Rey.

Don haka muke kira ga Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022 kuma take da tsangayar koyar da likitanci, da ta buɗe wa wannan fanni ƙofa, ko da darasi guda ne a farko. Garin da tun 1970 yake da makarantar horar da masu kula da namun daji daga ƙasashen Afirka da dama bai kamata ya rasa masanin ƙashin ɗan Adam ba.

Sai dai mu faɗa wa iyaye gaskiya: hanyar doguwa ce. Yaro zai yi bakaloriya a ɓangaren kimiyya, ya ci jarrabawar shiga likitanci ko ya karanci ilimin halittu, sannan ya nemi ƙarin karatu a waje, irin su Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu. Guraben aiki kaɗan ne: kotu, asibiti, jami'a, ko ƙungiyoyi irin su Red Cross ta duniya. Wanda ke neman kuɗi da wuri gara ya zauna a shagon babansa. Shi ya sa muke ganin nauyin bai dace ya hau kan uba ɗaya ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da ke haɗa gudunmawar biki da ta gobara za su iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu, mace ko namiji, da sharaɗin su dawo su yi aiki a Arewa.

Mun san wasu za su ce tono kabari cin mutuncin mamaci ne. Damuwar tana da tushe. Amma ya tabbata cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa wata 6 bayan yaƙin Uhudu ya sake masa kabari. Muna roƙon malamanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere su zauna da likitoci su fayyace mana iyakar abin da shari'a ta yarda da shi, kafin ranar da hukuma za ta ba da izinin buɗe kaburburan Mayo-Sava.